Wa ya ce salular Kawu ta mutu?

Kawuna manomin tattasai ne. Garinsu yana bakin Komadugu, wajen Geskeru, amma tun 2015, shekarar da aka kai hari Boso da Diffa har aka kafa dokar ta-ɓaci, ya kwashe iyalinsa ya dawo bayan garin Diffa da zama. Gona tana can, shi yana nan. In hanya ta lafa ya je ya yi ban-ruwa ya dawo kafin magariba. In ba ta lafa ba sai ya aika saƙo. Da me yake aikawa? Da wata tsohuwar salula ta gwanjo da ɗansa ya sayo masa shekaru da yawa da suka wuce, bayanta ɗaure da robar taya saboda murfin ya tsage.

Kawu bai yi lakkal ba. Allo ya yi, kuma yana karanta Alƙur'ani fiye da ni da ke jami'a. Saboda haka duk harkarsa ta vokal ce. Yana danna maɓalli ya yi magana da Barbarci ga yaron da ke tsare masa injin ban-ruwa, ya sake dannawa ya yi Hausa ga dillalinsa na kasuwar tattasai, ya ji nawa buhu ya kwana. Ƙanwarsa da gudun hijira ya kai Maine-Sorowa, ta nan yake jin muryarta. Lokacin da kogi ya cika ya shiga unguwanni a 2019 da 2022, ta nan mutanen bakin ruwa suka riƙa gaya wa juna inda ruwa ya kai da inda ake bukatar buhunan yashi.

A ƙarshen 2023 manhajar da yake aika vokal da ita ta ƙi buɗewa. Ta rubuta masa wani abu da Faransanci, ya kai wa yaro ya karanta: wai wayarsa ta tsufa. Ya ɗauka ya kai wa wani mai sayar da salula a kasuwa. Mutumin ya jujjuya ta, ya ce: "Baba, wannan ai ta mutu. Kawo in ba ka jika biyu in cire gilashin, ka cika kuɗi ka ɗauki sabuwa." Kawu ya ce: "Yaro, ta mutu yaya? Ga ta tana haske, ana kirana ina ɗauka." Ya ce: "Sistem ɗinta ne ya mutu." Kawu ya mayar da ita aljihu ya dawo gida, don kuɗin sabuwa ya kai kuɗin taki da man inji na wata guda, a lokacin da iyaka ke rufe kuma komai ya yi tsada.

Da na je hutu, ni da wani abokina da ke karatun kwamfuta muka zauna da wayar dare ɗaya. Muka kwashe hotuna da lambobi da tsofaffin vokal zuwa kwamfutarsa, muka share uwar manhajar da kamfani ya sa, muka ɗora wata sabuwa wadda ba kamfani ne ya yi ta ba. Kafin kiran asalatu wayar ta tashi. Har yau da nake rubuta wannan tana aiki.

Na ba da labarin nan a fada, nan Yamai, muna shan shayi. Na zaci za a ce madalla. Sai wani kamarad ya ce: "Wannan ai fashin fasaha ne." Wani ya ce: "Abin da ba ofisiyel ba, ni ba na sa shi a wayata." Wani kuma ya yi dariya ya ce in bar tsoho ya sayi waya kamar kowa, mu daina talauta kanmu. Ban samu bakin amsawa a ranar ba, shayi na uku ya riga ya zagayo, aka koma maganar ƙwallo. To ga amsata a rubuce, kowa ya karanta a nutse.

Mu fara da kalmar "mutuwa". Sana'ata kalmomi ce, kuma na san in ana son a raba mutum da abinsa, ana fara canza wa abin suna. Akuya in ta mutu ba ta numfashi. Injin ban-ruwa in ya mutu ba ya jan ruwa. Wayar da gilashinta ke haske, bateri ke ɗaukar caji, rezo ke shiga, me ya mutu a cikinta? Abin da ya faru shi ne wanda ya ƙera ta ya daina aiko mata sabuwar manhaja, masu yin sauran manhajoji kuma suka daina kula irin tata. Shawara ce aka yanke a wani ofis mai nisa, aka kawo mana ita da sunan ƙaddara.

Ga misali wanda kowa zai iya bincikawa. Samsung Galaxy S III ta fito a 2012, kuma an sayar da miliyoyinta a duniya. Samfurin GT-I9300, wanda ya fi yawo a ƙasashenmu, kamfani ya tsayar da shi a Android 4.3, bai ƙara gaba ba. Daga 24 ga Oktoba 2023, WhatsApp ya ce sai wayar da ke da Android 5.0 ko sama. Ke nan a takarda wayar ta fita daga sahu. Amma masu aikin sa kai na LineageOS sun riga sun fitar wa wannan samfurin Android 7.1, kyauta. Ƙarfen bai canza ba, ƙwaƙwalwar ba ta ƙaru ba, amma abin da aka ce ba za ta iya ɗauka ba ta ɗauka. Galaxy S5 ta 2014 kamfani ya bar ta a Android 6; masu sa kai suka kai ta har Android 11. To wa ya yi gaskiya a kan ƙarfin wayar?

Kuma kada a ce ba zai yiwu kamfani ya daɗe yana kula da waya ba. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 a 2023. Samsung ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24 a farkon 2024. Tarayyar Turai ta kafa doka da ta fara aiki 20 ga Yuni 2025, wadda ta tilasta wa masu sayar da waya a ƙasashenta su ci gaba da ba da sabunta manhaja aƙalla shekara 5 bayan sun daina sayar da samfurin. Ashe ana iyawa. Sai dai ana iyawa ga mai wayar tsada da mai gwamnatin da za ta tilasta. Mu da wayar ke iso mana bayan ta gama yawo a hannun wasu, ta bi ta Legas ko Farm Centre ta Kano kafin ta tsallako, muna karɓar ta ne kwanakinta na takarda sun kusa ƙarewa.

Sai maganar "fashi". Kamarad, fashi shi ne ɗaukar abin da mai shi bai ba ka ba. Tushen Android a buɗe yake: Google da kansa ya saki rubutunsa tun 2008 da lasisin da ya halatta wa kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba. Ƙashin bayansa Linux ne, wanda dokarsa ma ta fi haka ƙarfi, don ta wajabta wa duk kamfanin da ya gyara shi ya sayar da na'ura da shi ya fitar da gyaran a fili. A kan wannan halacci aka gina CyanogenMod tun 2009, da ya rufe a Disamba 2016 masu aikinsa suka ci gaba da sunan LineageOS. Abin da Google ya hana a 2009 shi ne a cusa manhajojinsa na kansa, irin su Gmail da Maps, a cikin kunshin, shi ya sa har yau daban ake sa su. Ban da wannan, ina satar take? Wayar ta Kawu ce, da kuɗin gumin ɗansa aka saye ta. In ka sayi keke ka canza masa sirdi, ba ka zuwa neman izinin wanda ya ƙera shi.

Yanzu ga kalmar da ta fi ci mini rai: "ba ofisiyel ba". Wallahi na yi mamakin jin ta a bakin ɗalibin Nijar. Mu ne fa muka tashi a ƙasar da shekara fiye da sittin Faransanci kaɗai ne ofisiyel, harshen da uwayenmu ba su taɓa yin ciniki ko rarrashin jariri da shi ba. Hausa da Barbarci da Fulfulde da Tubanci da Larabcin da ake ji a kasuwar Diffa duk ba su da wannan hatimi, amma da su aka yi noma, aka yi aure, aka sasanta rigimar makiyayi da manomi. Sai a Maris 2025 takardar sake gina ƙasa ta kira Hausa harshen ƙasa. Shin kafin ranar Hausa ba ta aiki ne? Kalmar ofisiyel tana gaya maka wanda ya buga hatimi. Ba ta gaya maka ko abin yana da kyau, ko yana da aminci, ko ya dace da kai.

In kana ganin hatimin kamfani shi ne aminci, ga labari. A Agusta 2020 masu binciken Secure-D suka bayyana cewa sun gano muguwar manhajar nan Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka, tana cinye wa mutane mega tana ƙoƙarin yi musu rajistar abin da ba su nema ba. A cikin kwali ta zo, sabuwa fil. Kamfanin ya ce laifin wani ne daga cikin masu kawo masa kaya, ya kuma ce ya fitar da gyara. Ban kawo wannan don in ce kayan kamfani duka ruɓaɓɓu ne ba. Na kawo shi don a daina yi mana kallon wawaye da kalma ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafe ni kai tsaye a matsayina na mai nazarin harshe. Tun 1999 ma'aikatar ilimi ta tsayar da ƙa'idar rubuta Hausa a Nijar, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Barbarci yana da nasa haruffan, irin su ǝ. A tsofaffin wayoyi da yawa, in ka aika wa mutum waɗannan haruffa, ɗan akwati yake gani ko fili. Shi ya sa muka saba zubar da lanƙwasa, har ƙasa ta zama kasa, baƙi ya zama baki, ƙarya ta zama karya. Ka rubuta wa mutum "ka yi ƙarya" wayarsa ta nuna masa wani abu daban, ka ga an shiga uku. Da muka ɗora sabuwar manhaja a wayar Kawu, haruffan nan suka fito cif, muka sa mata allon rubutu mai Hausa. Shi ba ya rubutu, amma jikokinsa da ke ɗaukar wayar da dare suna yi. Yaron da ya saba ganin ƙ a waya ba zai ɗauka lanƙwasar ƙa'idar malamai ce kawai ba.

To, kada in zama mai tallan magani a tasha wanda ke cewa kwalba ɗaya tana warkar da komai. Abin nan yana da haɗari, kuma duk wanda ya ɓoye maka haɗarinsa ba masoyinka ba ne.

Na farko, aikin yana share komai. Buɗe makullin wayar da ɗora sabuwar uwar manhaja yana tafiya da hotuna, lambobi, saƙonni, duka. Na san wata baiwar Allah a unguwarmu da ta kai waya a yi mata filashin, mai gyaran bai tambaye ta ba ya share, muryar mahaifinta da ya rasu a hanyar gudu ta tafi ke nan. A yankin da mutane suka bar gidajensu da kayan jikinsu kawai, waya ita ce akwatin takardu: hoton katin shaida, hoton takardar gona, fuskar wanda ba za a sake gani ba. Mai gyaran da ya share bai kwafe ba ya ci amana, ko da wayar ta tashi.

Na biyu, kowane samfuri da nasa kunshi. GT-I9300 da GT-I9305 a ido iri ɗaya ne, a ciki daban suke. Ka ɗora na wannan a kan wancan, ko kuran ya ɗauke kwamfuta ta mutu ana tsakiyar aiki, waya tana iya zama dutse. Sai an cire bateri an karanta lambar da ke ƙarƙashinsa, an cika caji, an sauke komai tun da rana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, ko ta tashi ba ta zama sabuwa ba. Kamara tana iya rage kyau. Wasu manhajojin banki suna ƙin buɗewa a wayar da aka buɗe makullinta. Bateri mai shekara goma yana nan da shekarunsa. Kuma su ma masu sa kai wata rana suna gajiya su bar samfuri, daga nan toshe ramukan tsaro ya tsaya. Abin da muka saya wa Kawu ƙarin shekaru ne, kuma na gaya masa haka. Ya ce: "Ɗana, ni ma ai ƙarin kwana nake ci."

Na huɗu, kuma wannan ne ya fi ciwo: yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu ba su da wannan mafita. Duba jerin wayoyin da LineageOS ke tallafawa, za ka ga Samsung, Motorola, Xiaomi, Google, da wuya ka ga Tecno ko Itel, alhali su ne suka cika kasuwanninmu. Masu sa kai suna aiki ne a kan wayar da ke hannunsu da wadda aka fitar da bayanan cikinta. Wasu kamfanoni ma rufe ƙofar suke yi gaba ɗaya: Huawei ya daina ba da lambar buɗe makulli tun 2018. Wannan ya kamata ya fusata mu, ba ya sa mu yi wa mai tsohuwar waya dariya ba.

Kuma bari in raba tsakanin abubuwa biyu da ake cakuɗawa, don a nan ne masu sukata ke da ƴar gaskiya. Akwai manhajar da rubutunta ke fili, kowa zai iya dubawa, an san inda ake sauke ta. Akwai kuma irin GB WhatsApp da ake tura wa juna ta Xender a bakin teburin mai caji, ba wanda ya san wa ya haɗa ta ko me ya cusa a ciki, kuma WhatsApp yana rufe lambar masu amfani da ita. Duk ana kiran su "ba ofisiyel ba", amma tazarar da ke tsakaninsu ta kai ta rijiyar da gari ya haƙa kowa na gani da ruwan leda da ba a san inda aka ɗura shi ba. Abin dariyar shi ne, kamarad ɗin da ya ce mini ba ya sa abin da ba ofisiyel ba, GB ce a wayarsa, don ya riƙa karanta saƙon da aka goge. Haka nan masu buɗe wayar sata ko canza mata lambar shaida ta IMEI, ba da su nake ba. Wannan taimakon ɓarawo ne, kuma yana ɓata wa masu gyara na gaskiya suna.

Saura wanda ya ce mu daina talauta kanmu. Ɗan uwa, ba mu muka talauta kanmu ba. Je ka tambayi manomin da aka hana shi hawa babur, aka taƙaita masa taki da mai, aka taɓa hana shi fitar da tattasansa, kogi kuma ya zo ya cinye abin da ya rage, ka ce masa ya sayi waya "kamar kowa". Wane ne kowa? Kuma ina tsohuwar za ta? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata. A wajenmu bola ce makomarta, yara su fasa baterin su yi wasa, damina ta wanke sauran zuwa kogin da muke shayar da tattasai da shi. Mutanen da ke gyara injin ban-ruwa da waya da roba har ya shekara ashirin, su ne za a koya wa jefar da abu mai aiki? Da tsohuwar zuma ake magani, kakanninmu ba su faɗa don wasa ba.

Ga abin da nake nema, kuma ba daga gwamnati ko kamfani ba, daga gare mu. Mu ƴan Diffa da ke karatu, duk hutu muna komawa gida mu zauna a fada daga hantsi har dare. A cikinmu akwai masu kwamfuta, akwai masu karatun fasaha, akwai irina masu harshe. Duk bayanin wannan aiki da Ingilishi yake, kaɗan da Faransanci. Mu zauna mu rubuta shi da Hausa da Barbarci, mu ɗauke shi a vokal don wanda ba ya karatu. Mu samo wa abubuwan sunaye da mai gyara da mai waya za su gane tare, don a daina rufe wa tsoho baki da kalmar "sistem". Mu yi jerin samfuran da ke yawo a Diffa da Maine da Gigimi, mu ware waɗanda za a iya tayarwa da waɗanda ba za a iya ba, mu kai wa masu gyara na kasuwa. Su ba abokan gabarmu ba ne. Da yawansu sun fi mu iya hannu, karatun bayanin ne ya yi musu katanga. Sharaɗi ɗaya za mu roƙe su: kada a share wayar kowa sai an kwafe masa kayansa, kuma a gaya masa gaskiyar abin da zai samu da abin da zai rasa.

Shekaranjiya Kawu ya aiko mini vokal na minti huɗu. Ya ce ruwa ya fara ja baya, sun dasa, dillali ya ce farashi ya ɗan motsa. Ya tambayi karatu, ya ce in gaida abokina mai kwamfuta. A ƙarshe ya ce maƙwabcinsa ma tasa wayar ta fara rubuta masa Faransanci, ya ce masa ya ajiye ta kada ya sayar, yara suna zuwa hutu. Na amsa masa da to. Wanda zai zo mu je tare, ya same ni bayan darasi, ya zo da kebul ɗinsa.